TSOHON TAKALMIN RUWA BA SHARA BA NE

Damina a birnin Ikko tana da tsawo, takan fara tun watan Afrilu, ta kai har Oktoba. Saboda haka takalmin ruwa ya zama kayan aiki ga ɗimbin jama'ar da ke zaune a Agege da kewayenta, kamar mahauta a mayankar Oko-Oba, da 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da leburorin gini. To, amma da zarar takalmin ya huje, sai wasu su jefa shi a lambatu, ko su cinna masa wuta. Yin haka asara ne, kuma haɗari ne ga lafiyar jama'a.

ASALINSA

Turawa sun laƙaba wa wannan takalmi sunan Wellington, jarumin Ingila wanda ya ci Napoleon da yaƙi a 1815. Nasa na fata ne. Bayan da Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, sai Hiram Hutchinson ya buɗe masana'antar takalman roba a Faransa a 1853.

IRI BIYU NE

Wajibi ne a san cewa takalmin ruwa galibi iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ake sarrafa shi. Na farko, na danƙon itacen roba ne wanda aka dafa da farar wuta. Yana da laushi da talewa, amma ba ya narkewa, sai dai a niƙe shi a yi daɓen filin wasa, ko a gauraya da kwalta. Na biyu, na PVC ne, wadda ake samu daga man fetur da gishiri, kuma shi ya fi araha a kasuwa. Wannan yana narkewa, don haka masana'antun roba a Ikko da Kano sukan wanke tsoho, su niƙa, su narkar, su fitar da sababbin takalma.

GYARA KAFIN ZUBARWA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan hujin ƙarami ne, mai facin taya zai toshe na danƙo da gam da faci, mai liƙin roba kuma ya liƙe na PVC da wuƙa mai zafi. Idan wuyan ne ya yage, a yanke shi daidai idon sawu, ya koma takalmin aikin gida, guntun kuma a adana don faci. Inda ma'aikata suke da yawa, kowa ya sa wa nasa alama da fenti, don gudun musanye.

A Ingila mutane kan yi wa tsofaffin takalman ado da fenti, su shuka furanni a ciki. A nan ma ana iya huda ƙasan, a zuba ƙasa da taki, a shuka na'ana'a. Sai dai kada a shuka abin ci a takalmin da aka yi feshin maganin ƙwari da shi. Wanda ya gagari gyara kuwa, a wanke shi a sayar wa 'yan bola, waɗanda ke auna roba a sikeli su biya.

ILLAR ƘONAWA DA YARWA

Hayaƙin PVC yana ɗauke da guba mai ƙona ido da huhu, da kuma sinadarin da ke iya jawo ciwon daji. Takalmin da aka jefa a lambatu yakan toshe hanyar ruwa, ya taimaka wa ambaliya. Wanda aka yar a bayan gida kuma yakan tara ruwan sama, ya zama maƙyanƙyasar sauron da ke yaɗa ciwon shawara.

Saboda haka ana kira ga shugabannin kasuwa, da sarakunan pawa, da masu unguwanni, da su tanadi wuri guda na tara tsofaffin takalma, su kuma gargaɗi jama'arsu game da ƙona roba. Rigakafi ya fi magani.