Bugun Ƙwaƙwalwa da Sha'anin Saurare

Kowane malami ya san yaron da za a yi wa bayani yana zaune, idonsa biyu, kunnensa lafiya lau, amma in an tambaye shi abin da aka faɗa sai ya yi zuru. Galibi a kan ce kunnen ƙashi gare shi. Nufinmu a wannan takarda mu nuna cewa ji dabam, saurare dabam, kuma saurare aikin ƙwaƙwalwa ne mai tafiya bisa bugu.

A cikin 1929 Hans Berger, wani likita a birnin Jena ta ƙasar Jamus, ya bayyana cewa in an liƙa wayoyi a fatar kai, a kan iya auna wani ɗan ƙarfin lantarki mai hawa da sauka wajen sau 10 a sakan guda. Shi a ke kira bugun alfa. Da fari an zaci alamar hutu ce kurum, domin ya kan ƙaru in mutum ya rufe ido. Daga baya aka lura ya kan ƙaru kuma a sashen ƙwaƙwalwar da a ke so ya yi shiru, watau kamar mai gadi ne da ke tare abin da ba a bukata.

Irin wannan tarewa ta bayyana a gwajin Colin Cherry na 1953. Ya sa wa mutane magana biyu, kowane kunne da tasa, ya ce su bi ɗaya. Ko da aka juya wadda ba su bi daga Ingilishi zuwa Jamusanci, yawancinsu ba su farga ba.

To, yaya ƙwaƙwalwa ke riƙe maganar da ta zaɓa? Mai magana ya kan furta gaɓa 4 ko 5 a sakan guda, sashen ji kuwa ya kan daidaita bugunsa da wannan tafiya, tamkar mata masu lugude, kowace taɓarya na sauka a kan lokacinta. A cikin 2012 Nima Mesgarani da Edward Chang suka auna ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya a San Faransisko ta Amurka, suka ga in murya biyu sun haɗu, wadda mutum ya sa wa hankali ita ce ke fitowa sarai a ma'auni.

Shagala kuwa ita ce kuskuren luguden. Gajiya na cikin dalilanta. A cikin 2011 aka gano a jikin ɓerayen da aka hana barci cewa waɗansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kan yi ɗan gyangyaɗi alhali dabbar tana farke, aikinta kuma ya ɓaci. Daga baya an ga makamancin wannan ga mutane.

Saboda haka, kafin malami ya ɗauki bulala, ya kamata ya bincika ko yaron ya sami barci, ko hayaniya ta yi yawa a aji, ko kuwa shi kansa malamin ne ke zuba magana ba tsayawa, har ƙwaƙwalwar yaro ta kasa bin sawu.