Ƙananan halittun hanji da kitsen jini

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Likitoci na ce musu bakteriya. Ba tsutsar ciki ba ce. Yawansu ya wuce ƙidaya, amma duka nauyinsu kamar giram 200 ne. Da yawa cikinsu masu amfani ne.

Jini kuma yana ɗauke da kitse. Jiki yana bukatar kaɗan. In ya yi yawa, sai ya liƙe a hanyoyin jini, kamar yadda laka ke toshe hanyar ruwa a garka. Daga nan ciwon zuciya ko shanyewar rabin jiki ke zuwa. Kitsen jini ba ya nuna kansa. Ramamme ma yana iya samunsa.

Mine ne ya haɗa su?

Abincin waɗannan halittu shi ne abin da cikin mutum ba ya narkarwa: dusar hatsi, wake, kuɓewa, ganyen kuka da zogale. In sun ci, suna hitar da abin da ke ƙarfafa hanji. Waɗansunsu ma suna sarrafa kitsen da ke cikin hanji, ya bi bayan gida.

A shekarar 2010, masana sun gwada yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Filoransa a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin hatsi da dawa da wake, sun hi yawan halittun da ke narkar da dusa. A 2015, a ƙasar Holand, an auna mutum 893. An ga irin halittun hanjin mutum yana da alaƙa da yawan kitsen jininsa. Amma ba su kaɗai ba ne: gado, ƙiba da rashin motsa jiki suna da nasu rabo.

Abin lura

Manomin da ya saida hatsinsa da wakensa ya koma ga farar shinkafa, makaroni, mai da sukari kullum, ya bar halittun cikinsa da yunwa. Wanda ke sayen kafso a tebur yana sha ba da izinin likita ba, yana kashe masu amfani tare da masu cuta.

Kada a raina tuwo da miyar kuka, da wake, da hura da nono. A dafa madara kafin a sa ta yi tsami. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya je gidan likita a auna jininsa. Lahiyar manomi ita ce jarinsa.