Zaƙami: Kyan Ɗan Maciji a Tsakar Gida

Duk wanda ya zaga zangon Salaga, Yendi ko Bawku da damina zai gan shi a bakin juji, a jikin katanga, har a tsakar gida. Furensa fari ne ko shunayya, dogo mai siffar ƙararrawa, da yamma ya buɗe yana tashin ƙamshi. Shi ya sa wasu matan kan bar shi, wai ado ne. Zaƙami ke nan, kuma ba a banza magabata suka laƙaba masa suna haukata-yaro ba.

Masana tsirrai na kiran sa Datura metel. Ganye, fure da saiwa duk akwai dafi, amma 'ya'yan da ke cikin ƙwallonsa mai ƙaya su ne abin tsoro, don su yara ke fasawa suna wasa. Sinadaran cikinsa, atirofin da sikofolamin, kan taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya.

Mu 'yan kasuwa abin ya fi shafa. Maigida ya bi motar albasa daga Bawku zuwa Kumasi, uwargida tana rumfa tun safe, yara na hannun yayarsu. To wa zai lura?

Alamun ba sa ɓuya: baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta riƙa bugu da sauri, fitsari ya ƙi fita, yaro ya hau sambatu yana kamun abin da babu. Nan ne ake kuskure, a ce, "Ai iska ce, a kira malam." Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, Hajiya. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A tsinko reshen tsiron a tafi da shi asibitin Salaga, na Yendi ko na Firesbiteriyan da ke Bawku, likita ya gani da idonsa.

In yana gidanki, sa leda a hannu ki tumɓuke shi har saiwa kafin ƙwallon ya fashe, domin yankewa kawai ba ta hana shi tohowa. Kada ki ƙona shi kusa da mutane, hayaƙin ma yana bugarwa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido.

In ƙamshin yamma kike so, dasa lalle a gurbinsa. Ga fure mai daɗin ƙamshi, ga na ƙunshin sallah.