Kafin Hayaniyar Gari Ta Tashi

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Sabon Tasha, Kaduna, da ƙarfe 6 na safe zai ga jama'a suna kokawar shiga mota. Da yawansu Kirista ne da neman abinci ya cinye musu lokacin addu'a, sai ran Lahadi ake kakkaɓe ƙurar Littafi Mai Tsarki.

Amma wasu gidaje sun samo dabara, watau kiran sallar maƙwabta shi ne agogonsu. Da ladan ya ɗaga murya sai maigida ya ta da iyali, a rera waƙa ɗaya, yaro ya karanta 'yan ayoyi, uwargida ta yi addu'a. Minti 15 an gama, tun ruwan koko bai tafasa ba.

Abin yana da tushe. Bisharar Markus, sura 1, ta nuna Yesu ya fita addu'a tun da sauran duhu, bayan jama'a sun yi masa cincirindo da maraice. Daniyel kuwa, duk da aikin fada, sau 3 yake durƙusawa kullum. Rashin Turanci ma ba hujja ba ne, gama tun 1932 aka buga dukan Littafin da Hausa.

To, jama'a, tauye mudu da cin hanci da fushi suna jira a kasuwa da ofis, gara mutum ya fita da shirinsa. Wanda ya ce sai dare, barci ne zai ce masa amin.