Ɗan Jaridar Da Ya Ajiye Albashi Ya Koma Teburin Gahawa

A watan Disamba na shekarar 1921 ne wani matashi Ba'amurke, Ernest Hemingway, ya sauka birnin Faris da amaryarsa Hadley, yana ɗan shekara 22. Abin da ya kai shi kuwa shi ne wakiltar jaridar Toronto Star ta ƙasar Kanada. Bayan shekara biyu sai ya ajiye aikin, ya ɗaura niyyar ci da ƙagaggun labarai. Da girma ya kama shi ya zauna a ƙasar Kyuba a 1957 ya soma rubuta abin da ya tuna na wancan zamani, aka buga littafin a 1964, shekara uku bayan rasuwarsa, da sunan A Moveable Feast. Mai karanta littafin zai lura cewa galibin abin da ke ciki a gidajen shan gahawa ya auku.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Ɗakunan da suka fara haya a titin Cardinal Lemoine, kan faran 250 a wata, ba su da ruwan zafi, makewayi ma na tarayya ne a gefen matakala. Sanyin Faris ba ya wasa, itacen wuta kuma sai da kuɗi. Gidan gahawa kuwa akwai ɗumi, akwai haske, akwai tebur. Al'adar birnin, wadda ta samo asali tun zamanin da aka buɗe gidan Procope a 1686, ita ce mutum ya sayi kofi ɗaya ya zauna iyakar son ransa, ba mai ce masa tashi. A kan ɗan farantin da ake ɗoro kofin akan rubuta kuɗinsa, in baƙo zai tafi sai ma'aikaci ya ƙirga farantan da suka taru a gabansa. Watau da kuɗin gahawa da madara talaka ya hayi ofis na yini guda. Kayan aikin Hemingway ba su wuce fensir da abin fiƙe shi da littafin rubutu ba.

To, amma fa ba kowane gida ya yarda da shi ba. Unguwar Montparnasse a lokacin ta cika da Amurkawa, saboda dala ta fi ƙarfin faran nesa ba kusa ba, ga shi kuma an haramta sayar da barasa a ƙasarsu tun 1920. Manyan matattararsu su ne Dôme da Rotonde. Tun a watan Maris na 1922 Hemingway ya yi wa mazauna Rotonde ba'a a jaridarsa, yana ganinsu mutane ne da ke yini suna labarin aikin da za su yi, alhali kuwa ba su taɓuka kome. Shi a ganinsa gidan gahawa iri biyu ne, na zuwa a gan ka da na zuwa ka yi aiki. Saboda haka ya zaɓi Closerie des Lilas, can ƙarshen titi, inda ba safai ake samun mai katse shi ba.

Barin aikin jaridar bai zo rana ɗaya ba. A 1922 an tura shi taron Genoa a Italiya, an tura shi Istambul lokacin yaƙin Girka da Turkiyya, sa'an nan taron Lausanne a Suwizalan. A wannan tafiya ta ƙarshe ce matarsa ta taso za ta same shi, ta zuba kusan duk labaran da ya rubuta cikin akwati, har da kwafinsu, aka sace akwatin a tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Ba a sake ganinsa ba har yau. A 1923 suka koma Toronto don haihuwa, ya kama aiki a hedkwatar jaridar, ya haɗu da editan da ba ya raga masa. Ranar da aka haifi ɗansa, cikin Oktoba, yana cikin jirgi a kan hanyar dawowa daga New York inda aka aike shi. Da shekara ta ƙare ya miƙa takardar barin aiki, a watan Janairu na 1924 suka koma Faris da jariri, suka kama ɗakuna a saman wata ma'aikatar yankan katako. Ƙarar zarto da kukan yaro su suka ƙara kora shi Closerie, wanda ke kusa da gidan.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da tsohon. Hemingway ya ba da labarin yunwa, ya ce yakan ƙetare abincin rana ya bi ta lambun Luxembourg don kada ƙanshin girki ya dame shi, ya shiga kallon zane-zanen Cézanne da ciki wayam. Babu shakka an sha wuya, domin mujallu sun yi ta mayar masa da labaransa. Amma masu binciken tarihinsa sun nuna cewa Hadley na da gadon da ke kawo mata wajen dala 3,000 a shekara sa'ad da suka yi aure, ko da yake ya ragu daga baya. Shi da kansa ya taɓa shaida wa masu karatunsa a 1922 cewa dala 1,000 ta ishi mutum shekara a Faris cikin jin daɗi. Wanda ke kukan yunwar nan shi ne ke zuwa sukuwar dawaki yana caca, da hunturu ya tafi duwatsun Ostiriya, da bazara ya tafi kallon wasan bijimai a Sifen. Ƙarfin hali yana da shi, horon da ya samu a ɗakin labarai kuma shi ya koya masa gajeriyar jimla marar kitse. Duk da haka, hausawa sun ce da abokin daka akan sha gari. Ba don kuɗin matar ba, da arhar faran, da littattafan da Sylvia Beach ke ba shi aro a kantinta, da wuya ya jure shekara biyu ba albashi.

Abin da ya fi sosa masa rai game da sauyawar birnin ƙaramin abu ne. Sabbin masu Closerie sun so su jawo masu kuɗi, suka gyara wurin irin na Amurka, suka umurci ma'aikata su aske gashin baki. Ɗaya daga cikinsu tsohon sojan doki ne mai lambobin yabo, wanda gashin bakinsa shi ne abin alfaharinsa. Hemingway ya ba wannan ɗan lamari wuri a littafinsa tamkar wani babban rashi.

A watan Oktoba na 1926 aka buga The Sun Also Rises a New York, sunansa ya fito. A lokacin aurensa ya riga ya lalace, suka rabu a farkon 1927, ya sallama wa Hadley duk kuɗin da littafin zai kawo. Ya bar Faris a 1928, ya karɓi lambar Nobel a 1954. Closerie des Lilas na nan a inda yake, an manna ɗan allon tagulla mai sunansa a wurin da yakan zauna, sai dai mai son zama a can yanzu sai ya taɓa aljihunsa tukuna.