Sarauta ko Gwamnati? Kalma ɗaya, ma'ana biyu tsakanin Maleziya da Indonesiya

Alhazanmu da suka yi sahu ɗaya da mutanen Maleziya da Indonesiya a Makka sun san cewa harshen ƙasashen nan biyu tushensa ɗaya ne, wato Malayanci, kuma suna jin maganar juna. Amma akwai kalma guda da ta raba su, wadda duk ɗan kasuwar da takardun duwan na can suka shigo hannunsa ya kamata ya sani. Kalmar ita ce "kerajaan".

Asalinta daga "raja" ne, wato sarki, kalmar da suka aro daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya. A Indonesiya in an ce kerajaan, masarauta ake nufi, irin su Majapahit ta zamanin da, ko Saudiyya ta yau. Gwamnati kuwa "pemerintah" suke ce mata, daga "perintah", wato umurni. A Maleziya, kerajaan ɗin nan ita ce gwamnati kanta, da ministocinta da ma'aikatanta. Saboda haka mutumin Jakarta in ya ji ana faɗin kerajaan ta ƙara haraji, sai ya tambaya, wane sarki?

Wannan bambanci tarihi ne ya haife shi. Turawan Ingila sun bar sarakunan Malaya a kan gadonsu suka yi mulki ta hannunsu, kuma da aka samu ƴancin kai a 1957 sarautar ba ta faɗi ba. Har yau jahohi 9 na da sarakuna, su ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa baki ɗaya na shekara 5. A watan Janairu na 2024 Sultan Ibrahim na Johor ya hau, shi ne na 17. Kada mai karatu ya ɗauka ikon na hannunsu: a 1993, zamanin firaminista Mahathir, an gyara tsarin mulki har aka buɗe hanyar gurfanar da sarki gaban kotu ta musamman. Suna na sarki, aiki na zaɓaɓɓu.

Indonesiya kuwa da faɗa ta rabu da Turawan Holan, bayan shelar jamhuriya ranar 17 ga Agusta 1945. Sarakuna da dama an ɗauke su ƴan koren Bature, har a watan Maris na 1946 aka far wa gidajen sarauta a gabashin Sumatra, aka kashe mutane, cikinsu da mawaƙi Amir Hamzah. Ƙasar da ta haihu haka, yaya za ta kira gwamnatinta da sunan sarki? Yogyakarta ce ta tsira da martabarta, domin sarkinta ya goyi bayan jamhuriya. Sultan na can shi ne gwamnan jahar, doka ta 2012 ta tabbatar da haka.

Abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne inda muka sha ruwa rijiya ɗaya, wato Larabci. Suna cewa majlis, mu ce majalisa, wakil, wakili, musyawarah, shawara. A Brunei har yanzu akwai sarautar wazir. In Sultan ya fito a Maleziya, talakawa kan ɗaga murya su ce "Daulat Tuanku", kusan kamar namu "ranka ya daɗe", kuma daulat ɗin nan ita ce daular da muka sani.