Ganyen Fasili da Wankin Kwata

Duk wadda ta taɓa wanke kwatar gida ta san aikin bokiti biyu na ruwa. Yashi da ragowar tuwo da kumfar sabulu sun taru a bakin rariya, sai a sheƙa ruwa da ƙarfi, su bi ta ƙarƙashin katanga su fice. Ruwan bai gyara komai ba, kora kawai ya yi.

To, haka mutanen bakin Bahar Rum suka ɗauki fasili tun fil azal. Shi ne ɗan ganyen nan mai ƙamshi da Larabawa ke kira baƙdunis, wanda mutanen Labanan ke yankawa ƙanana su cika kwano da shi a haɗin tabbule. Mu nan sai dai mu gan shi wajen masu kayan salak, ana barbaɗa shi don ado. A can kuwa, idan fitsari ya yi wa dattijo nauyi, sai a jiƙa ganyen ko saiwar a ruwan zafi ya sha. Diyoskoridis, likitan Girka na ƙarni na 1, ya rubuta cewa yana sa fitsari, yana kuma saukar da jinin al'ada. Wajen shekara ta 800 har sarki Sharlaman ya sa shi cikin tsirran da ya umarci a shuka a gonakin fada.

Zancen korar bai tsaya a bakin tsofaffi ba. A 2002 masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut sun ba ɓeraye jiƙon irinsa, suka ga fitsarinsu ya ƙaru. Hukumar da ke tantance magungunan tsirrai a Jamus ma ta yarda da ganyen da saiwar don wanke hanyar fitsari da korar tsakuwa ƙanana, bisa sharaɗin a sha ruwa da yawa. Ai ba a wankin kwata da ludayi.

Amma kowa ya san ranar da dutse ya toshe rariya. Ka ƙara bokiti, ruwan ya dawo tsakar gida, har ya nufi ƙofar ɗaki. Wannan aikin magini ne. Shi ya sa aka hana mai ciwon ƙoda, da wanda ƙafafunsa suka kumbura saboda ciwon zuciya, yin irin wannan wanki. Ni dai abin da ke ba ni haushi shi ne masu tallar da ke cewa yana "wanke ƙoda tas", kamar ƙoda tukunya ce.

Akwai kuma bambancin gyaɗa da manta. Tafin hannu guda na gyaɗa abin taunawa ne, ludayin mai kuwa gyaɗa ce mai yawa aka matse. A 1849 wasu Faransawa biyu, Joret da Homolle, suka tatso wani mai daga irin fasili, ana ce masa afiyol. An yi ta sayar da shi don matsalar al'ada, wasu mata suka sha don zubar da ciki, wasu daga cikinsu suka rasa rai, hanta da ƙoda sun lalace. Mai juna biyu ta ci ganyen a miya ba laifi, amma ta nisanci irin da man. Wanda yake shan wafarin, maganin tsinka jini, shi ma ya gaya wa likitansa kafin ya mayar da fasili shayin safe, domin ganyen cike yake da bitamin K, mai rage ƙarfin maganin.